Tozalin da Iska Ke Kashewa

Talata, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Na iso Sabon Birni. Babur ɗin Yaya Abdulƙadir yana jingine a zaure, an wanke shi tas. Wani mai hankali ne ya ga ya dace a wanke. A hanyar Gatawa aka tsince shi ranar Asabar, makulli a jiki, igiyar ɗaurin gero a baya. Mai babur ɗin kuwa, a gidan nan ba a faɗin inda yake. Cewa ake yi "ya yi nisa."

Malam, mahaifinmu, ya amsa gaisuwata bai ɗaga kai daga littafi ba. Ya ce, "Adawiyya, kin iso." Na ce na iso. Taron iyali ya tashi ke nan.

Da jakar tafiya Indiya na zo, don ita ce a ɗaure lokacin da saƙon ya same ni a Sakkwato. A ciki akwai rigar sanyi, fasfo, da kwalbar aikina. Jirgina ran ashirin da takwas ga wata. A nan nake rubuta wannan saboda babu wanda za ni faɗa wa a gidan nan ban zama marar imani ba.

Laraba, da hantsi

Babu waya. An rufe layuka a yankin nan duka, an hana cin kasuwa, an hana sayar da mai a jarka. Rediyo ta ce don a matse mutanen daji ne. Mutanen daji suna da layin Nijar. Mu ne aka matse.

Alhamis, bayan azahar

Goggo Hajo, yayar Malam, ta same ni ina duba kwalbar a hasken taga. Ba ta sallama a ɗakin kowa, ta ce ita ta yanke wa rabin gidan cibiya.

"Mi na wanga? Tozali na?"

"Ba tozali ba ne, Goggo. Aikina ne."

Ta karɓa ta kai kusa da ido. Ban ga laifinta ba. 'Yan ƙwayoyi ne baƙaƙe masu walƙiya, babbar cikinsu ba ta kai ƙwayar wake ba. Da a faifan 'yar koli na gan su, ni ma sai in taya.

Shekara uku na digirina na uku ne a kwalbar nan. Wasu ma'adinai biyu, nayobiyam da seleniyam, na dafa a tanderun ɗakin gwaji, dahuwar da ke son mako biyu wuta ba ta ɗauke ba, a ƙasar nan. Na daina ƙirga sau nawa ta lalace. Wannan ce kaɗai ta nuna. Dutse ne falle-falle, kamar tsofaffin littattafan Malam marasa ɗinki, takarda kan takarda. In an sanyaya shi sanyin da ya wuce hankali, lantarki na bi ta cikinsa babu turjiya ko kaɗan, ba zafi, ba asara. Nawa aikin shi ne cusa jan ƙarfe tsakanin fallayen, ɗan mitsitsi, don in juya halin dutsen yadda nake so. A sa daidai, sai ya saki turjiyar tun sanyi bai kai can ba. A zarce, ya mutu murus. Lissafina ya ce na sa daidai. Injin da zai gaya mini ko lissafin ya yi ƙarya babu shi a Nijeriya. A Indiya wata farfesa ta ba ni mako guda a kan nasu, farkon Nuwamba. Wanda ya rasa layinsa sai baɗi, kuɗin karatuna kuwa ba su san baɗi ba.

Na yi wa Goggo rabin wannan bayanin. Ta saurara har ƙarshe, abin da malaman jami'a ba su taɓa yi mini ba.

"To," in ji ta. "Ashe shekarun ga duka dahuwar tozali kinka tahi koyo. Da kin tambaye ni."

Asabar, da safe

Mata sun zo jaje. Haƙuri. Haƙuri. Sai haƙuri. Da ana niƙa shi da mun yi tuwon shekara.

Lahadi, bayan la'asar

Baffa Na'Allah, ƙanen Malam, shi ya naɗa kansa shugaban zaure. Maza suna zama daga hantsi zuwa azahar, a kai musu fura, su fito da matsaya ɗaya: a jira. Yau matsayar ta canza. An tuna cewa wayata mai layi biyu ce, kuma takan riƙe caji. Aka aiko a kira Dakta. A gidan nan Dakta suna ne na zolaya, Yaya ya laƙa mini shi tun ina aji ɗaya a jami'a, amma in ana son abu sai a faɗe shi da ladabi.

An sa layin Nijar a wayata. An ba waɗancan na daji lambar. Ba a tambaye ni ba. Baffa ya ce, "Ai ke da wayar duka na gidan ga ne."

Talata, bayan magariba

Mun je neman sabis. Kalilu, ɗan Baffa, ya ɗauke ni, Baffa a wani babur ɗin. Can wajen Burkusuma akwai wani tudu da wata tsamiya, nan ne ofishin sadarwa na ƙasar Gobir yanzu. Mutane tsaitsaye, kowa ya ɗaga hannu sama da waya kamar masu roƙon ruwa. Wata mata tana sayar da ƙosai. Mu dai ba ma asarar taro.

Sun kira. Baffa ya karɓe wayar ya juya mini baya. Na ji yana cewa "ranka shi daɗe." Sau huɗu. Mutumin da ko limami ba ya ce wa haka.

Ya ce an ba shi ya ji murya. Na ce wace irin murya. Ya ce murya dai.

Kafin mu sauko saƙon farfesa ya shigo. Tana fatan ƙaramar matsalar iyalin ta warware, tana tuna mini in tabbatar da zuwana, don akwai masu jira. Mace mai kirki. Na so in jefa wayar cikin kaskon ƙosai.

Gero a tsaye hagu da dama duk hanya, ya nuna, tsuntsu na ci. Babu mai yanka.

Laraba

Ban ci abinci da kowa ba.

Alhamis, 14 ga wata, da hantsi

Dangin uwar Mu'minatu, matar Yaya, sun taso daga Gatawa da tabarmi da awaki. Ɗakina yanzu mutum tara ne. Na fito daga wanka na tarar da kwalbar a hannun wata jaririya tana kaɗa ta kamar caki. Abin da na faɗa wa uwarta ba za ni rubuta ba. Ta yi kuka. Gidanta aka ƙone, ni kuma na yi mata tsawa a kan kwalba. Na san yadda abin yake a ido. Na sani.

Ɗaki ɗaya ne a gidan nan da yaro ba ya shiga. Na kai wa Goggo.

"Ajiya ce, Goggo. Kar a buɗe. Babu iska a ciki, iska na kashe shi."

"Tozalin da iska ka kashewa ban taɓa ganinai ba."

"Ba tozali ba ne."

"Na jiya."

Ta sa a adaka, ƙarƙashin likkafaninta da ta ɗinka tun shekarar da aka yi kwalara. Ta ce nata tozalin ma ya ƙare tun da aka hana kasuwa, tandu ya bushe, jaririn Kande maƙwabciyarmu an yi sunansa da ido fari kamar ɗan akuya. Ita ke sa wa kowa a gidan nan: jarirai, amare, masu ciwon ido, Malam ranar Juma'a. Na ce Allah ya buɗe kasuwa. Na fito.

Juma'a, bayan sallah

An yi alƙunutu. An yanka rago. Baffa ya ci ƙirji.

Lahadi, da yamma

Mu'minatu ta zo ta zauna bakin katifata. Tun da na zo ba ta yi kuka a gaban kowa ba, sai wanki. Ta wanke rigunan Yaya duka, ta goge, ta sake wankewa.

Ta ga salatif a jakata, ta ce, "'Yar Malam, wanga kuma na mi na?"

Na ce kayan aiki ne. Ta ɗauka wasa nake. Na nuna mata da bawon albasa: a manna a kan dutsen, a ɗaga, sai falle ya biyo. A sake mannawa, a sake ɗagawa, har sai abin da ya rage ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Na sama da iska ta taɓa a yar, na ciki sabo ne fil. Na ce manyan masana na duniya da salatif suke wannan aikin.

Ta yi dariya, karo na farko. Sai ta tsaya. Ta ce, "Shi ma haka yake cewa, wai ke gwamnati ka biya ki yi wasa." Ta ce "yake," kamar Yaya yana zaure. Na lura. Ita ma ta lura na lura.

Litinin

Tsamiya. Ba su kira ba.

Talata

Tsamiya. Sun kira. An ƙara abin da aka ce a kawo, har da abubuwan da gwamnati ta hana sayarwa. Baffa ya ce "ba komi, ranka shi daɗe." A hanya ya ce mini in daina kallonsa haka, in ina da wata dabara a cikin littattafan nawa in fito da ita. Ba ni da ita. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Laraba, 20 ga wata, bayan asuba

Na tsaya ƙofar ɗakin Malam da niyyar in yi maganar jirgi. Yana zaune a buzu, littafin nan mara ɗinki a gabansa. Na tsaya har ƙafata ta yi sanyi. Falle ɗaya yake kallo, bai juya ba. Mutumin da ke gyara wa ɗalibi wasali daga bayan katanga.

Na ce a kawo kunu? Ya ce a kawo.

Ba za ni fita gidan nan bai ce in tafi ba. Ba wanda ya ɗaure ni. Na yi karatun da na san babu igiya, kuma ga ni zaune.

Alhamis

An sayar da gonar fadama. An sayar da shanun Goggo da ke hannun Fulani. Ban tambayi wa ya saya ba, don na san za ni gan shi a sahun gaba a masallaci.

Asabar, da hantsi

Kalilu da wani sun fita da kaya tun da safe, sun yi wajen Bafarawa. An ce kar mata su sani. Mu muka ɗaure kayan.

Asabar, bayan la'asar

Shiru.

Lahadi, bayan azahar

Shiru. Mu'minatu tana wanki. Na kama kaina ina lissafin ranar da ya kamata in bar garin nan in har za ni kai Abuja. Na ƙi jinin gwamnati, na ƙi jinin Baffa, na ƙi jinin farfesa da ladabinta, na ƙi jinin waɗancan da ba a faɗin sunansu. Sai na duba na ga saura mutum ɗaya a layi: ni.

Litinin, 25 ga wata, da yamma

Ya dawo.

A zaune aka shigo da shi tsakanin mutum biyu a babur. Rigar da ya fita da ita ce, ta zama wata riga. Ƙafafun ba za ni rubuta ba. Idanun a kumbure, suna ruwa, ba ya iya buɗe su a haske. Kalilu ya ce tsumma aka ɗaura masa tun ranar farko. Ya ji muryata ya ce, "Dakta, ke ma an taso ki." Shi ke nan abin da ya faɗa yau.

Malam ya fito babu takalmi.

Asibitin garin a kulle, ma'aikacin ya yi Sakkwato tun watan jiya.

Talata, bayan asuba

Malam ya kira ni. Bai dube ni ba. Ya ce, "Jakarki ba ta Sabon Birni ba ta. Yaushe na jirgin?" Na faɗa. Ya ce, "Ki tahi. Allah shi ba da sa'a."

Ashe ya sani tun ranar farko. Ban san ko godiya za ni yi ko in fasa wani abu ba. Za ni tsamiya in gaya wa farfesa ina tafe.

Talata, bayan magariba

Za ni rubuta shi yadda ya faru, a jere.

Na dawo daga tsamiya da azahar. Saƙo ya tafi, farfesa ta amsa da murna. Na shigo na tarar da gidan yana ƙanshin turare. An yi wa Yaya abin da ake yi wa wanda ya dawo daga daji: wanzami ya yi masa aski, an yi masa wanka da ganyen magarya, an ƙone tsohuwar rigar, an sa masa farar da Mu'minatu ta wanke sau ba adadi. Yana zaune a inuwar rumfa. Na durƙusa in gaishe shi.

Gefen idanunsa baƙi ne, mai walƙiya kamar azurfa. Shekara uku ina kallon walƙiyar nan a madubin ɗakin gwaji. Ko a mafarki na santa.

Ban yi ihu ba. Na ce wa Mu'minatu ta kawo tafasasshen ruwan da ya huce da gishiri kaɗan, yanzu. Na kwantar da kansa a cinyata na buɗe idon da yatsa na fara zuba. Ya yi ƙara. Mutumin da Kalilu ya ce ko da aka kwance masa ƙafa bai yi ƙara ba.

Goggo ta fito da tandu a hannu.

"Ke, mi kike yi? Yanzu na sa mishi."

"Guba ce, Goggo. Ba ta shiga ido."

"Tozali na guba? Tun kahin a haihi ubanki nike sa ma mutane."

"Na ce miki ba tozali ba ne. Na ce miki ajiya ce."

"Ajiya ta hi idon ɗan'uwanki? Kasuwa ruhe, likita ya gudu, yaro shina hawaye kamar ɗanyen itace a wuta, ga magani cikin adakata, in zauna in kalle shi? Wagga wace irin boko ta?"

Tsakar gida ta cika. Matan Gatawa, Baffa a bakin zaure. Kowa ya ga abin da ya gani: 'yar boko tana ƙwace magani daga idon yayanta don an taɓa mata kaya. Ban tsaya gyara musu ba. Na ci gaba da zuba ruwa, buta bayan buta. Baƙin ruwa yana bin kuncinsa, yana bin zanena, yana shiga ƙasa. Na kalli digirina yana gangarawa wajen makwararar da agwagi ke sha.

Na ce wa Goggo abu ɗaya da bai kamata ba, game da jahilci. Ta ce mini abu ɗaya game da matan da littafi ya shanye wa zuciya. Ina jin mun biya juna.

Da na gama Yaya ya ce, ido a rufe, "Dakta, tozalinki da zahi." Mu'minatu ta yi dariya har ta koma kuka, wanda ta riƙe tun farkon wata.

Kwalbar tana kan dutsen niƙan Goggo, a buɗe, babu komai ciki sai iskar Sabon Birni.

Laraba, da hantsi

Kumburin bai ƙaru ba. Ya ce yana ganin inuwar mutum. Na ce a kai shi Sakkwato wajen likitan ido a makon nan, na faɗa a zaure, a tsaye, ban jira an kira Dakta ba. Baffa ya buɗe baki, Malam ya ce, "Haka za a yi."

Ban kwance jakar ba. Ban san abin da za ni kai Indiya ba. Rigar sanyi.

Laraba, bayan azahar

Goggo ta shigo, babu sallama. Ba ta zauna ba. Ta kwance ƙullin bakin zanenta ta juye a tafin hannuna.

"Ungo tsiyarki. Tozalin banza ma na. Ba ya niƙuwa, sai zamiya, kamar sabulu. Wanga ya ƙi dutse sam, na gaji na bar shi."

Ɓarɓashi ne guda, bai kai ƙwayar gero ba. Ya kwana a ƙullin zane tare da goro. Ba shakka ya ƙi niƙuwa, fallaye ne, zamewa suke a kan juna, na rubuta babi guda a kan haka.

Ba ta ba ni haƙuri ba. Ban ba ta ba. A bakin ƙofa ta ce, ba ta juyo ba, "Shanuna sun tahi ban yi ma kowa tsawa ba."

Na manna shi a salatif, na mayar a kwalba, na toshe.

Laraba, bayan la'asar, Isa

An ce hanyarmu ba ta biyuwa yau, sai muka zagayo ta Isa. Muna jiran motoci su taru a fita a jere. Direba ya ce in Allah ya so Sakkwato kafin duhu, motar Abuja kuma da asuba. Jirgin gobe da daddare. In taya ta fashe, shi ke nan.

Da za ni fito na je sallama. Yaya yana rumfa, an rufe masa ido da ƙyalle mai tsabta, ya ce wannan karon shi ya roƙa. Bai ce komai game da can ba, ba kuma wanda ya tambaya. Ya lalubo hannuna ya ce, "An bar miki wani abu?" Na ce ɗan kaɗan. Ya ce, "Zai isa?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ni ma."

Ban yafe wa kowa ba tukuna, kar a ce ban rubuta ba.

Kwalbar tana cikin rigata. Ya sha iska, ya sha goro, ya sha dutsen Goggo. In na isa za ni ɓare na sama, in sake ɓarewa, in ga ko akwai abin da ya rage a ciki.

Direba yana kira.